Maɓoyar Gwamnatoci a Ƙarƙashin Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gine-ginen da Aka Tanada Don Harin Nukiliya

Duk lokacin da manyan ƙasashe suka fara nuna wa juna yatsa, sai zancen makaman ƙare-dangi ya dawo bakin jama'a, kuma ba a jimawa wani zai tambaya: to su shugabannin da ke wannan barazana, ina za su sa kansu idan abin ya auku? Sun daɗe da tanadar wa kansu amsa. Tun shekarun 1950 ake fasa duwatsu ana haƙa ramuka domin wannan rana. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi a kan waɗannan wurare, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar waye aka yanke zai shiga, waye aka bari a waje.

Mece ce maɓoyar nukiliya, kuma me ya raba ta da ramin gudun bam na yaƙin duniya?

Ramin gudun bam na da, amfaninsa na 'yan sa'o'i ne. Jiragen yaƙi su zo su zubar da kayansu su wuce, jiniya ta yi ƙara, kowa ya fito. Bam ɗin nukiliya kuwa kashi-kashi yake kisa. Da farko akwai walƙiya da zafin da ke ƙona fatar mutum daga nisan kilomitoci. Sai guguwar matsin iska mai rusa gini. Sai gobara. Daga ƙarshe sai ƙura mai guba: ƙasa da tarkacen da fashewar ta zuƙe sama, suka gauraya da burbushin nukiliya, su riƙa saukowa kamar toka a duk inda iska ta kai su. Ita wannan ƙura takan kashe wanda ko ƙarar bam ɗin bai ji ba.

Shi ya sa maɓoyar iri biyu ce. Akwai ta kariya daga ƙurar kaɗai, wadda ginin ƙarƙashin ƙasa mai kauri ma ya isa. Akwai kuma wadda aka gina don ta jure girgiza da matsin fashewar, a rufe ta ruf, mutane su zauna ciki makonni da iskarsu da ruwansu da wutarsu. Ta gwamnatoci irin ta biyun ce.

Me ya jawo aka fara gina su?

Bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 ƙarfinsa ya kai na tan 15,000 na nakiya. Shekara huɗu Amurka ita kaɗai ke da wannan makami, har ranar 29 ga Agusta 1949 da Tarayyar Sobiyet ta gwada nata. Daga ranar Washinton ta gane cewa bam guda zai iya haɗa shugaban ƙasa da majalisa da manyan hafsoshi ya shafe su a lokaci ɗaya. A 1951 aka fara haƙa dutsen Raven Rock a jihar Pennsylvania, domin ma'aikatar tsaro ta sami inda za ta koma, aka fara aiki da shi a 1953.

Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne gwajin da Amurka ta yi a tsibirin Bikini ranar 1 ga Maris 1954. Ƙarfinsa ya kai tan miliyan 15, wato ninki dubu na Hiroshima, ya kuma zarce lissafin waɗanda suka ƙera shi. Ƙurarsa ta sauka kan mutanen tsibirin Rongelap da kan wani jirgin masuntan Japan, dukansu nesa da wurin gwajin, suka kwanta ciwo. Shekara guda bayan haka wani rahoton sirri da aka miƙa wa gwamnatin Birtaniya ya ƙiyasta cewa bama-bamai goma irin wannan za su kashe mutum miliyan 12 a ƙasar. Sannan makamai masu linzami suka zo, waɗanda ke tsallaka nahiya cikin kusan minti 30. Lokacin gudu ya ƙare ke nan.

Yaya ake gina abin da zai jure irin wannan bugu?

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne Dutsen Cheyenne da ke kusa da Colorado Springs a Amurka, inda rundunar tsaron sararin samaniya ta haɗin gwiwar Amurka da Kanada ta kafa cibiyarta. An fara fasa dutsen a 1961, aka tare a 1966, bayan an kwashe kusan tan 700,000 na dutse daga cikinsa. Wanda ke zaune a ofis a can ciki, akwai kimanin mita 600 na dutse a bisa kansa.

Dubi dabarar ƙofa. Babban ramin shiga ya ratsa dutsen ne daga wannan gefe ya ɓulla wancan, bakinsa biyu a buɗe. Idan guguwar fashewa ta kutso, sai ta bi ramin ta fice ta ɗaya bakin, ba ta sami abin da za ta daka kai-tsaye ba. Ƙofofin shiga ainihin wurin a gefen ramin suke, na ƙarfe, kowace tan 25, an kuma yi su yadda matsin waje zai ƙara danne su ne a mazauninsu.

A ciki akwai gine-gine 15 na ƙarfe, yawancinsu hawa uku, kuma babu wanda ya taɓa bangon dutsen. Dukansu a kan sifirin suke zaune, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa ya dawo, guda fiye da 1,300, kowane ɗaya nauyinsa ya kai kilo 450. Mutum zai iya durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin ginin ya gan su jere, kowanne kamar ƙatuwar igiyar ƙarfe da aka naɗe. Dalili shi ne dutse yana isar da girgiza sosai. Ko dutsen bai fashe ba, jijjigar kaɗai ta isa ta karya ƙafafun mutane ta farfasa na'urori. To idan ƙasa ta motsa, ginin sai ya yi lilo a hankali ya dawo mazauninsa. Hatta bututun ruwa da hanyoyin da ke haɗa gini da gini an yi musu gaɓoɓi masu lanƙwasa don kada su tsinke. Jamus ta Gabas ma ta bi makamanciyar wannan dabara a maɓoyar da ta gina wa shugabanta Erich Honecker a Prenden, arewa da Balin, tsakanin 1978 da 1983, inda aka rataye muhimman ɗakuna da igiyoyin ƙarfe.

Iska da ruwa da wuta fa?

Iska ce babbar damuwa. A lokacin da aka yi wa Hambug ruwan bama-bamai a 1943, dubban mutane sun mutu a cikin maɓoyarsu ba tare da ko ƙwarzane ba, domin gobarar da ke sama ta cinye iskar shaƙa ta cika ramukan da hayaƙi mai guba. Maginan zamanin nukiliya sun riƙe wannan darasi. Akan sa wa bututun iska murfi mai rufe kansa da zarar ya ji matsi, sai matatai masu tare ƙura da na gawayi masu tsotse guba. Akan kuma sa matsin iskar ciki ya ɗan ɗara na waje, ta yadda idan akwai wata 'yar kafa, iska fita za ta yi, ba shigowa ba. Wanda ya iso daga waje sai ya tuɓe kayansa an ƙone su, ya bi ta ɗakin wanka, kafin a bar shi ya wuce.

Ruwa daga rijiya ko maɓuɓɓugar cikin dutse, wuta daga janareta masu shan dizal. Akwai kuma wani haɗari da ido ba ya gani. Ranar 9 ga Yuli 1962 Amurka ta fasa bam a sararin samaniya, kilomita 400 sama da tekun Fasifik, sai ga fitilun titi kusan 300 sun mutu a Hawai, mai nisan kilomita 1,400. Fashewar nukiliya tana sakin wani bugun lantarki da ke bin wayoyi yana ƙona na'urori. Don haka ake lulluɓe ɗakunan sadarwa da ƙarfe ta kowane gefe, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa sojojin Amurka suka sake mayar da wasu kayan sadarwarsu cikin Dutsen Cheyenne a 2015.

Kwana nawa za a yi a ciki?

Yawancinsu an tsara su ne kan kwana 14 zuwa wata uku. Akwai lissafin da masu wannan aiki ke riƙewa a ka: duk lokacin da sa'o'i suka ninka sau bakwai, ƙarfin gubar ƙurar yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin goma. Idan an auna ta sa'a ɗaya bayan fashewa, to bayan sa'a 7 saura kashi ɗaya cikin goma, bayan kwana biyu ɗaya cikin ɗari, bayan mako biyu ɗaya cikin dubu. Kwanakin farko su ne masu kisa.

Su waye aka tanadar wa gurbi?

Nan ne zancen ya fi nauyi. Ɗauki otal ɗin Greenbrier da ke jihar West Virginia, wurin hutun masu hali. Tsakanin 1959 da 1962, a zamanin da otal ɗin ke gina sabon sashe, gwamnati ta binne wata maɓoya a ƙarƙashinsa domin majalisar dokokin Amurka baki ɗaya. Akwai gadaje masu hawa kusan 1,100, da zaure biyu, babba na wakilai, ƙarami na dattawa, da asibiti, da ɗakin watsa labarai mai hoton ginin majalisa a bango, don ɗan majalisa ya tsaya gabansa ya yi wa sauran jama'a jawabi. Akwai kuma tanderun ƙona shara wanda zai iya ƙona gawa, tunda ba damar fita binne kowa.

A Ingila, an mayar da wata tsohuwar mahaƙar dutse a Corsham gari guda a ƙarƙashin ƙasa, mai faɗin eka 35, da tituna da gidan burodi da ɗakin rediyo da babbar cibiyar wayar tarho. Mutum 4,000 aka shirya wa zaman wata uku: firaminista, ministoci, ma'aikatan gwamnati, masu buga tafireta. A Kanada, maɓoyar Carp kusa da Ottawa hawa huɗu ce, ta mutum 535, na kwana 30. Ta Jamus ta Yamma a kwarin Ahr, wadda aka gina tsakanin 1960 da 1972 cikin wasu ramukan jirgin ƙasa da jirgi bai taɓa bi ta cikinsu ba, tsawon hanyoyinta ya haura kilomita 17, ta mutum 3,000.

A duk waɗannan jerin sunaye, muƙami aka duba. Babu gurbin matansu, babu na 'ya'yansu. Ana sa ran mutum zai ji jiniya, ya bar iyalinsa a falo, ya hau jirgi mai saukar ungulu ya tafi ya ceci gwamnati. Alƙalin alƙalan Amurka Earl Warren, da ya tambaya aka ce masa babu wurin matarsa, sai ya ƙi karɓar nasa gurbin. Firaministan Kanada John Diefenbaker, wanda a zamaninsa aka gina ta Carp har ake kiranta da sunansa, shi ma ya ce ba zai shiga ya bar matarsa ba, kuma bai taɓa taka ƙafarsa ciki ba.

Masu tsara abin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce idan kan ƙasa ya guntule, babu mai ba da umarnin tsagaita wuta, babu mai raba abinci, babu wanda abokin gaba zai yi sulhu da shi. Sun ƙara da cewa idan maƙiyi ya san ba zai iya kashe shugabanni da bugu ɗaya ba, zai yi shakkar farawa. Na yarda da rabin wannan magana. Amma ina ganin dole a kira abin da sunansa: an gina wuraren nan ne don hukuma ta rayu, kuma an yi hakan da kuɗin harajin mutanen da aka riga aka sallama cewa za su mutu a sama, ba tare da an gaya musu ba.

Yaya aka yi aka ɓoye gini irin wannan shekara da shekaru?

A bainar jama'a aka ɓoye wasu. A Greenbrier, babban zauren baje-koli da baƙi ke shiga suna taro yana cikin maɓoyar, ƙofarsa mai nauyin tan da yawa tana bayan wani bangon bogi. Masu kula da wurin kuwa sun fake ne da sunan kamfanin gyaran talabijin na otal ɗin, kuma suna gyaran da gaske. Shekara 30 ana haka, har ɗan jarida Ted Gup ya fasa ƙwai a jaridar Washington Post a watan Mayu 1992. Nan take wurin ya tashi daga aiki, domin maɓoyar da maƙiyi ya san inda take ta zama abin hari.

A Kelvedon Hatch da ke Ingila, abin da mai wucewa ke gani ɗan ƙaramin gida ne a cikin itatuwa, alhali daga cikinsa wata doguwar hanya ta gangara zuwa gini mai hawa uku. A Ligatne ta Latbiya, maɓoyar shugabannin jam'iyyar kwaminis tana mita 9 ƙarƙashin wani gidan jinya da hutu. Ita kuwa Mount Weather ta jihar Virginia, tsautsayi ne ya tona ta: ranar 1 ga Disamba 1974 wani jirgin fasinja ya faɗi a jikin tsaunin, mutum 92 suka rasu, 'yan jaridar da suka je suka tarar da shinge da masu gadi a inda taswira ba ta nuna komai ba.

Gaskiya ne har kuɗi aka gina wa maɓoya?

Ƙwarai. Babban bankin Amurka ya buɗe wata a Culpeper a 1969, ya jibge biliyoyin daloli a ɗaure cikin leda har zuwa 1988, don a sake zuba kuɗi a hannun mutane bayan yaƙi. Babban bankin Jamus ta Yamma ya ɓoye mak biliyan 15 na wani samfurin takardar kuɗi da ba a taɓa fitarwa ba, a ƙarƙashin wasu gidaje a garin Cochem, saboda tsoron kada a cika ƙasar da jabu a karya darajar kuɗinta. Maɓoyar Carp ma tana da ɗakin ajiyar zinaren babban bankin Kanada.

Ɓangaren 'yan kwaminis fa?

Ba a bar su a baya ba. A tsakiyar Mosko, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Taganskaya, akwai cibiyar umarni mai zurfin mita 65 da aka kammala a 1956. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin su kansu an sa musu ƙofofin ƙarfe don su zama mafakar jama'a. An daɗe ana zancen wani layin jirgin sirri da ya haɗa fadar Kremlin da wajen gari, wanda wani rahoton ma'aikatar tsaron Amurka na 1991 ya zana taswirarsa, amma hukumomin Rasha ba su taɓa tabbatar da shi a hukumance ba.

A Sin, bayan artabun da aka yi da sojojin Sobiyet a kogin Ussuri a 1969, Mao Zedong ya yi kira da a haƙa ramuka masu zurfi a tara hatsi. Mazauna Beijin, har da 'yan makaranta, suka fito da shebur da kwando suka yi ta haƙa, aka rushe wasu sassan tsohuwar ganuwar birnin aka yi amfani da tubalinta.

Wadda ta fi ba ni tausayin talakawan da suka biya ita ce ta Yugoslabiya. Shekara 26 aka yi, daga 1953 zuwa 1979, ana gina wa shugabanta Tito maɓoya a cikin wani tsauni kusa da Konjic a Bosniya, ta mutum 350, na wata shida. Shekara ɗaya da kammala ta ya rasu, bayan shekara goma da wani abu kuma ƙasar da aka gina ta don a ceta ta wargaje a yaƙin basasa. A Albaniya, ƙasar da ta fi kowace talauci a Turai a lokacin, shugabanta Enver Hoxha ya sa an zuba ƙananan maɓoyar kankare fiye da 170,000, ga kuma tasa mai hawa biyar a gefen Tirana.

Shin za su jure idan bam ya faɗo musu a ka?

Yawancinsu ba za su jure ba, kuma masu su sun sani. Gwajin Bikini ya bar rami mai faɗin kusan kilomita 2 da zurfin fiye da mita 70. Duk abin da ke wannan wuri ya zama ƙura. Lokacin da aka zana waɗannan gine-gine, an dogara ne kan cewa makami zai kuskure da kilomita ɗaya ko biyu. Da aka gyara saitin makamai masu linzami har kuskurensu ya dawo 'yan mitoci ɗari, lissafin ya rushe. Ta kwarin Ahr, bam irin na Hiroshima kawai aka auna za ta iya ɗauka, alhali ana kan gina ta manyan ƙasashe sun riga sun mallaki waɗanda suka ninka shi ɗaruruwa. A 1997 kuma Amurka ta ƙara wa rumbun makamanta wani bam da aka ƙera musamman don ya nutse cikin ƙasa kafin ya fashe.

Ga kuma matsalar isa wurin. Daga Washinton zuwa Greenbrier tafiyar sa'a huɗu zuwa biyar ce a mota, makami kuma minti 30 yake buƙata.

Don haka dabara ta sauya. Birtaniya a ƙarshen shekarun 1960 ta koma kan shirin raba ministoci ƙungiya-ƙungiya a warwatsa su sassan ƙasar. Amurka ta koma sama: daga 3 ga Fabrairu 1961 zuwa 24 ga Yuli 1990, dare da rana, akwai jirgin ba da umarni guda a sararin samaniya ɗauke da babban hafsa, wani ba ya sauka sai wani ya tashi. Har yau tana da manyan jirage huɗu samfurin E-4B da aka tanada don wannan aiki.

An taɓa amfani da su da gaske?

Don harin nukiliya, ba a taɓa ba. Ranar 11 ga Satumba 2001 ce aka fi kusantar gwada su. An ruga da mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney zuwa ɗakin ƙarƙashin Fadar White House, aka kwashi shugabannin majalisa a jirage zuwa Mount Weather, aka rufe ƙofofin Dutsen Cheyenne. A ɗakin fadar mutane suka yi yawa har iskar shaƙa ta fara ƙaranci, sai da aka sallami wasu.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙararrawar ƙarya da ta taso daga cikin irin waɗannan wurare. Ranar 9 ga Nuwamba 1979 aka sa faifan atisaye a kwamfutar Dutsen Cheyenne bisa kuskure, allo ya nuna makaman Sobiyet na tafe, har jiragen yaƙi suka tashi kafin a gano. Ranar 26 ga Satumba 1983, a cibiyar Serpukhov-15 kusa da Mosko, na'ura ta nuna wa Laftanar Kanar Stanislav Petrov makamai biyar daga Amurka. Ya yi tunanin cewa mai son fara yaƙin ƙare-dangi ba da biyar zai fara ba, ya kai rahoto cewa kuskuren na'ura ne. Hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan Adam. Mutumin da ke cikin dutse ba ya ganin sama, abin da allo ya gaya masa kawai ya sani.

Akwai ƙasar da ta tuna da talakawanta?

Akwai, kuma su ne hujjar cewa barin jama'a a waje zaɓi ne aka yi. Suwizalan ta kafa doka a 1963 cewa kowane mazauni sai an tanadar masa gurbi. Mai gina gida ko ya yi maɓoya a ƙarƙashinsa ko ya biya kuɗin gurbi a ta unguwa. Yau ƙasar na da kusan 370,000, masu ɗaukar kimanin mutum miliyan 9. Finlan na da kusan 50,500, na mutum miliyan 4.8, kuma doka ta wajabta wa duk babban gini ya yi tasa. A Helsinki guraben sun kai 900,000, sun fi yawan mazauna birnin. Abin da ya burge ni a tsarinsu shi ne ba a kulle wuraren ana jiran masifa. Akwai wurin ninƙaya a unguwar Itäkeskus da aka sassaƙa cikin dutse, yara na iyo a ciki kullum, akwai filayen wasa da wuraren ajiye motoci, da sharaɗin a iya mayar da su mafaka cikin sa'a 72.

Su ma sun yi tuntuɓe. A Luzan ta Suwizalan an shirya ramin mota na Sonnenberg a 1976 don ya ɗauki mutum 20,000, da ƙofofi masu tan 350 da asibiti. Da aka yi atisaye a 1987 aka sha wuya wajen rufe ƙofofin, ba a kuma iya kafa ko rabin gadajen ba. Daga baya aka rage shi zuwa na mutum 2,000.

Amurka ta ɗan taɓa a 1961, lokacin da Shugaba Kennedy ya nemi dala miliyan 207 aka liƙa alamu masu launin rawaya da baƙi a gine-gine aka ajiye biskit da gangunan ruwa, daga baya shirin ya shiririce. Jamus, mai mutum fiye da miliyan 80, mafakar jama'a 579 suka rage mata, na ƙasa da mutum rabin miliyan.

Wanda ba shi da maɓoya, shi ke nan tasa ta ƙare?

A'a. A Hiroshima, wani ma'aikaci mai suna Eizo Nomura ya sauka ɗakin ƙarƙashin ginin kankaren da yake aiki don ɗauko wasu takardu, a daidai lokacin da bam ya fashe. Mita 170 ne tsakaninsa da tsakiyar fashewar. Abokan aikinsa da ke sama duk sun rasu, shi kuwa ya rayu har ya haura shekara 80.

Ga wanda ke nesa da wurin fashewa, ƙurar ce abokiyar gaba, kuma kauri ne maganinta. Santimita 9 na dannanniyar ƙasa, ko 6 na kankare, suna rage ƙarfin gubar da rabi. Ƙasa mai kaurin santimita 90 tana mayar da ita kusan ɗaya cikin dubu. Shawarar hukumomin agajin gaggawa ita ce a shiga gini mafi kauri da ke kusa cikin 'yan mintocin farko, a nufi ƙarƙashinsa ko tsakiyarsa nesa da taga da rufi, a zauna aƙalla sa'a 24 ana sauraron rediyo. Wanda ƙura ta taɓa ya cire kayan sama, wannan kaɗai na iya raba shi da kashi 90 cikin ɗari nata, ya yi wanka da sabulu. Ƙwayar aidin da ake yawan zancenta wani sashe na maƙogwaro kaɗai take karewa daga nau'in guba guda, ba ta kare sauran jiki.

In an fito, me za a tarar?

Wannan ce tambayar da kankare ba ya amsawa. A duniya yau akwai kawunan makaman nukiliya kusan 12,000 a hannun ƙasashe tara, kusan kashi 90 cikin ɗari na Amurka da Rasha. Wani binciken masana na jami'ar Rutgers da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa idan waɗannan biyun suka gwabza, hayaƙin biranen da suka ƙone zai tare hasken rana shekaru, amfanin gona ya faɗi warwas, yunwa ta kashe mutum fiye da biliyan 5, akasarinsu a ƙasashen da ko bam ɗaya bai faɗa musu ba. Abincin yawancin maɓoya na mako biyu ne zuwa wata uku.

Ina waɗannan wurare suke yanzu?

Raven Rock da Mount Weather da Dutsen Cheyenne suna nan suna aiki, ba a shiga. Corsham an cire ta daga jerin sirri a 2004. Ta Culpeper ta koma hannun ɗakin karatu na majalisar Amurka, ana adana tsofaffin finafinai da faya-fayen sauti. Ta Tito ana baje kolin zane-zane a cikinta tun 2011. Greenbrier da Carp da ta Taganskaya da ta Tirana duk sun zama wuraren ziyara.

Ta kwarin Ahr an rufe ta a 1997, aka kwashe kayan cikinta kaf, aka bar mita 203 kacal da aka buɗe wa jama'a a 2008. Mai ziyara zai wuce ƙofofin ƙarfe da ɗakin wankan cire guba, ya ga ɗakin da aka ware wa shugaban gwamnatin Jamus: ɗan ƙuƙumin ɗaki, babu taga, da ƙaramin gado na mutum ɗaya. A ƙarshen hanyar akwai shinge, daga bayansa ramin ya miƙe cikin duhu, babu komai sai bangon kankare.